Kunnen Ɓera Daga Bayan Dutse

Litinin, da hantsi

Na buɗe ɗakin gwaji, na kunna fitilu, na wanke kwalaben da na riga na wanke ranar Juma'a. Shugaban sashe ya leƙo ya ce, "Dakta, ki koma gida ki huta mana. In an ji wani abu ni da kaina zan zo." Na ce masa a gida surukata Inna na zaune a bakin ƙofa da carbinta, duk ƙarar da waya ta yi sai ta ɗago ta karanci fuskata. A nan kuwa babu mai kallona sai kwalabe.

Tun muna ɗalibai Malam yake cewa abin da ba a rubuta ba, ba a gan shi ba. To ga shi ina rubutawa. Malam ɗin, wato mijina, ya tafi duwatsun arewa ɗebo samfur, shi da direban sashenmu da kowa ke kira Sannu-Sannu. Sun isa lafiya, sun fara aiki a gangaren da ke fuskantarmu, kowace yamma yana kirana. Sai abin da ya faru a hanyar dutse ya faru. An rufe hanya, layin waya ya ɗauke. Rediyo na cewa ana shawo kan lamarin. Waɗanda suka samu suka gangaro da ƙunshi a ka ba sa son magana, in ma sun yi, ta wannan ba ta kama da ta wancan.

Maganarmu ta ƙarshe a kan takardun naɗe samfur ce. Ya ce sun kusa ƙarewa, na ce ai na gaya masa ya ɗebi da yawa. Abin da muka ce wa juna ke nan.

Talata, da rana

Akwatin da ya aiko kafin a rufe hanya sai yau ya iso. Rubutunsa ne a jikin kowace takarda, ƙananan haruffa kamar sawun tururuwa. Na daɗe a tsaye kafin in sa hannu.

Rabon aikinmu tun farko haka yake: shi ya hau, ni in bincika. Gansakukar dutse muke bi, wannan abin da ke manne wa duwatsu da jikin tsofaffin itatuwa kamar fenti da ya fara ɓarewa. Inna ƙazuwar dutse take ce mata, kuma har yau ba ta yarda cewa mutum biyu masu hankali, da furfura a ka, da ita suke ci da gida ba. Ba tsiro ba ce kamar sauran tsirrai. Fumfuna ce da gansakuka suka haɗa gida ɗaya, kuma a wannan zaman suke ƙera sinadaran da yawancinsu ba a samu a jikin wani abu mai rai. Wani na kare ta daga zafin rana, wani ɗaci ne don kada ƙwari su ci, wani kuma yana kashe ƙwayoyin cuta.

Akwai wani iri da muka daɗe muna bi, toka-toka, mai lanƙwasassun gefuna. A tsakaninmu kunnen ɓera muke ce masa. A ido duk ɗaya yake ko daga ina aka ɗebo shi, amma cikinsa daban. In na kankare fatar na ɗiga wa farin da ke ciki ruwan bilic, na bakin teku nan take yake yin ja, sannan ya dushe. Na busasshen gangaren da ke fuskantarmu bilic ba ya motsa shi, sai ruwan potas, shi ma ruwan ɗorawa yake zama ya tsaya a nan. Na bayan dutse kuwa, inda hazo ke kwana, da ruwan ɗorawa yake farawa, sai a hankali ya rine ya koma ja kamar jini, in ka duba a madubin ƙara girma ka ga ƙananan allurai sun fito. Asid ɗin norstiktik ke nan, mu mai allura muke ce masa.

Na gwada duk na cikin akwatin. Ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa. Kowanne ya zo da ɗan ɓallin dutsensa a ƙasa, gefuna ba ko ƙwarzane. Malam ba ya kankara. Da ƙaramar guduma da ƙarfen sassaƙa yake ɗago abin tare da mazauninsa, ko da zai yi rabin wuni a rataye.

Laraba, da yamma

Ba labari.

Alhamis, bayan azahar

Matar Sannu-Sannu ta zo. Ɗinki take yi a gida, Maman 'yan biyu ake kiranta. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar da ta kawo wa mijinta abinci a bakin gareji. Ta tsaya a ƙofa tana cire takalmi, na ce ta shigo da abinta, ƙasan nan ba shi da tabbas.

"Yaya, ba wani abu na zo tambaya ba," ta ce. "Na san da kin ji da na ji. Maƙwabta ne suka ishe ni. Shigowa suke da fuskar ta'aziyya, su zauna, su yi ta ajiyar zuciya."

Na jawo mata doguwar kujera. Ta hau da ƙyar, ƙafafunta na lilo. Ta kalli kabad-kabad ɗin samfur daga ƙasa har rufi ta ce, "Duk wannan su suka kwaso?" Na ce yawancinsu. Can ta ce, "Ni abin da ke damuna, mutumin da mai keke ke wuce shi a titi, in gudu ake yi yaya zai yi?"

Muka yi dariya har na riƙe tebur. Sai dariyar ta yanke lokaci ɗaya kamar an ɗauke wuta.

Ta tambaya ko za ta riƙa zuwa da aikin hannu bayan ta kai yara makaranta. Na ce ta zo.

Asabar, da safe

An yi ruwa. Inna ta sa na shigo da takalman Malam daga baranda, ta ce in goge su in cusa musu jarida. Yaron nan take ce masa, shi da gemunsa ya yi fari. "Yaron nan ba ya son takalmi mai danshi." Na goge.

Ban san wa ke lallashin wani ba tsakanina da ita. Ina ɓoye mata abin da nake ji a rediyo, ita kuma na lura tana rage muryar tata rediyon in ta ji tafiyata.

Litinin, da la'asar

Shugaban sashe ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa. Ba zan rubuta abin da ya nuna min a wayarsa ba. Motar sashenmu fara ce, amma fararen motoci suna da yawa a duniya, kuma wuta ba ta barin launi.

Da na dawo Maman 'yan biyu na kan kujerarta tana sa maɓallai a jikin wata riga. Ta kalle ni, na kalli agogo. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba ta tambaya ba.

Talata, da hantsi

Na fasa kwalbar asiton, ruwan da muke jiƙa samfur a ciki. Tun da na fara aiki a ɗakin nan ban taɓa fasa komai ba.

Laraba, da rana

An karanta lambar motar da ta ƙone. Tamu ce. Babu kowa a ciki, babu kowa a kusa.

Ni na gaya wa Maman 'yan biyu, ban bari shugaban sashe ya yi ba. Ta ajiye allura a gefen hijabinta ta ce, "Babu kowa a ciki." Na ce babu. Ta maimaita a hankali, kamar tana auna nauyin maganar a hannu. Sai ta ci gaba da sa maɓalli, ta sa shi a inda ba rami, ta warware.

Juma'a, da yamma

Yau ta tambaye ni ko waɗannan abubuwan na cikin takarda matattu ne. Na ɗauko ɗaya daga akwatin da ya zo makon jiya, ya bushe ƙamas, in ka matsa zai dagargaje. Na ɗora shi a faranti na yayyafa masa ruwa. Muna kallo ya yi laushi, gefunan suka buɗe, tokar ta juya ta zama kore-kore. Ta ce, "Ikon Allah." Na ce haka suke yi a kan dutse, rana ta busar da su su daina komai, raɓa ta sauka su ci gaba daga inda suka tsaya. Kuma girman farce ɗaya sai ya ɗauke su shekaru.

Ban gaya mata cewa waɗanda suka daɗe a kabad ba sa dawowa ba. Laushi kawai suke yi, ka ɗauka sun farfaɗo.

Ni ban ga wani darasi a ciki ba. Ita ta gani, ta tafi gida da ɗan sauƙi a fuska, ban ƙwace mata ba.

Lahadi, bayan magariba

Ba labari. Inna ta ƙi cin abinci, ta ce bakinta ne ba daɗi.

Talata, da hantsi

Wani mai sayar da kayan mota a tasha ya zo har ƙofar ɗakin gwaji, maigadi na biye da shi. Ya ce, "Ke ce matar Malam Ƙadangare?" Maigadi ya sunkuyar da kai. Sunan da ɗalibai suka raɗa wa mijina ke nan saboda yadda yake manne wa dutse, kuma duk sun ɗauka ba mu sani ba.

Ya miƙo min wani ɗan ƙunshi da bai kai cikin tafin hannu ba, an ɗaure da zaren buhu. Ya ce wani direban babbar mota ne ya ba shi. Shi ma direban a mararrabar bakin teku wani ya ba shi, wancan ɗin ma karɓa ya yi. Saƙon baki ɗaya ne ya biyo ƙunshin: a kai wa matar Malam Ƙadangare a jami'a. Na ce babu takarda? Ya ce, "Hajiya, wa zai ɗauki rubutu ya bi ta shingen bincike yanzu? In suka same ka da takarda ko waya, sauke ka suke yi." Na ce daga wace hanya ya shigo mararrabar? Hanyoyi uku ne ke haɗuwa a wurin. Ya ce bai sani ba, kuma direban ya riga ya wuce.

Na kwance. Kunnen ɓera ne, ɗan kaɗan, a cikin ƙyalle mai ruwan ƙasa.

Talata, da la'asar

Na yi komai bi da bi, kamar ina koya wa 'yan aji ɗaya.

Na yayyafa wa wani gefe ruwa, ya yi kore nan da nan. Sabo ne, ba tsohon da ya kwana a jaka ba. Na kankare fata. Bilic: shiru. Ba na bakin teku ba ne. Na ɗiga potas. Ruwan ɗorawa. Na tsaya. A duk rayuwata ban taɓa kallon ɗigon ruwa haka ba. Ya fara duhu daga gefe, ya yi ruwan lemo, ya yi ja. A madubi ga allurai nan birjik.

Ban yarda da idona ba, sai na yi gwajin faranti. Na jiƙa ɗan gutsure a asiton, na ɗiga ruwan a ƙasan farantin gilashi mai farin gari a fuska, na jingina shi a kwalba. Ruwan kwalbar ya hau a hankali yana jan sinadaran, kowanne ya tsaya a tsayinsa. A gefe na ɗiga na tsofaffin samfuranmu daga yankuna huɗu don kwatance. Na ja labule na kunna fitila mai shuɗin haske. Sama kaɗan da mai allura akwai wani ɗigo da ke ƙyalli fari-shuɗi. Har yau ba mu san sunansa ba. A wuri ɗaya tak muka taɓa samunsa: kwarin da ke saman garin masu katako, a bayan dutse.

Sun tsallaka. Wani ya tsallaka.

Laraba, da safe

Abin da ban rubuta jiya ba: babu ɓallin dutse a ƙasansa. Kankaro shi aka yi da wani abu mai haƙora, makulli ko makamancinsa. Gefunan duk sun yage.

Laraba, bayan azahar

Ƙyallen na kan tebur lokacin da Maman 'yan biyu ta shigo. Ban yi niyyar nuna mata ba tukuna. Ta ɗauka, ta juya bayansa, ta bi kalmasar da babban yatsa.

"Aljihun rigarsa ne," ta ce. "Ni na ɗinka. Zaren ruwan ƙasa ya ƙare min, na ƙarasa da baƙi. Ga shi nan."

Ta zauna a ƙasa, a wannan ƙasan da na ce ba shi da tabbas, ta rufe fuska da ƙyallen. Na gaya mata abin da gwaji ya nuna, da sauƙin magana yadda zan iya. Ta ɗago ta ce, "Ke nan suna can. Su biyu." Na ce abin da zan iya cewa shi ne wannan abin a can ya tsiro, kuma ba a daɗe da ɗebo shi ba.

"Malam ne ya aiko mana," ta ce. "Nawa mijin ina ya san ɓera daga kunnensa?"

Ya sani. Shekara nawa yana riƙe wa Malam igiya da jaka. Na yi mata murna, kuma murnar ta gaskiya ce. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da ba na son in kalla.

Alhamis, da hantsi

Na kai wa shugaban sashe farantin. Ya duba a ƙarƙashin fitila, ya cire tabarau ya mayar. Mutum ne mai adalci, shi ya sa maganarsa ta fi zafi.

"Dakta, samfur nawa kuke da su daga wancan kwarin?"

Na ce ba su da yawa.

"Kwazazzaban da ke can ƙololuwa ta wannan gefen, inda danshi ke taruwa, kun bi su duka?"

Na ce ba mu bi ba.

"To da ɗalibi ne ya kawo miki wannan ya ce tabbas, me za ki rubuta masa?"

Na ce zan rubuta masa: mai yiwuwa.

Ya ce hanyar bakin teku a buɗe take amma ita ma da shingaye, kuma daga mararraba zuwa garin masu katako sai motocin itace. Ya ce a jira mako ɗaya ko biyu ƙila layi ya dawo. Duk gaskiya ne. Na ce masa wanda ya yage aljihunsa ya aiko da wannan ba jira yake so a yi ba. Ya daɗe yana kallon ɗigon nan mai ƙyalli. Sai ya ce, "Ban hana ki ba. Gobe zan kai ku tasha."

Alhamis, bayan magariba

Na gaya wa Inna. Ta saurara har na gama, carbi a tsaye a hannunta.

"Ƙazuwar dutsen ce ta gaya miki?"

"Ita ce, Inna."

"Ba ta ƙarya?"

"Ba ta yi. Ni ce zan iya yin kuskuren fahimta."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in ɗauki rigar sanyinsa mai kauri, da wando biyu, ƙanwarsa za ta zo ta zauna da ita. Har na kai ƙofa ta ce, "'Yar nan, hannunsa ne ya ɗebo?" Ban san ta taɓa lura da yadda yake aiki ba. Na tsaya da hannu a kan labule. Ta ce, "Je ki shirya kayanki."

Asabar, da rana, a mararraba

Mun wuce shingaye. Na bar wayata a gida. Wannan littafin a cikin rigar sanyin Malam yake, Maman 'yan biyu ta farke shafin ciki ta sa shi ta ɗinke, sai mun sauka take warwarewa. A shinge ɗaya sun sauke wani dattijo daga motarmu. Motar ta tashi ba shi. Muka ci gaba da tafiya.

Teku na bayan rumfunan nan, ina jin ƙamshinta. A jikin katangar tasha akwai kunnen ɓera. Na kama kaina ina neman bilic a jaka.

Lahadi, da yamma

Motar itace. Mun zauna a gaba mu biyu a kujera ɗaya. Tun da muka fara hawa hazo ya rufe, itatuwa duk sun yi gemu da gansakuka mai tsayi. Rabona da hanyar nan tun ina iya bin Malam a baya.

Maman 'yan biyu tana ta lissafa faɗan da za ta yi wa mijinta. Ni babu abin da na shirya.

Litinin, da hantsi

Garin masu katako asibiti ɗaya gare shi, ɗakuna kaɗan da rufin kwano, a bayan injin yanka katako. Da shi muka fara saboda ban san inda za mu fara ba.

A bakin famfo wani mutum na durƙushe yana wanke kwano. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma rigar babu aljihu. Maman 'yan biyu ta tsaya cak. Duk faɗan da ta tanada, abin da ya fito shi ne, "Ka ci abinci?" Ya miƙe a hankali, yadda yake yin komai, ya ce, "Na ci." Sai ya juyo gare ni ya rusuna ya ce, "Dakta, yana ciki. Gado na bakin taga. Ya yi barci yanzu."

Ban shiga nan take ba. Na zauna a bakin famfon.

Litinin, da la'asar

Ya farka ya gan ni, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ya yi ja?" Na ce ya yi ja. "Ɗigon fa?" Na ce yana nan. Ya lumshe ido ya ce, "Na ce masa za ki gane."

Bargon ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba, daga gwiwar hagu zuwa ƙasa. Na gani tun ina ƙofa. Na gyara masa matashi.

Na ce, ashe ka san sunan da yara ke kiranka? Ya ce tun shekarar da suka raɗa. Ya ce sunan gaskiya ba abin aikawa ta shinge ba ne, ƙadangare kuwa ba mai tambayarsa takarda.

Likitan wurin ya ce da aka kawo shi ciwon ya riga ya ci, ba su da zaɓi sai yanke ƙafar. Ya ce a goye a bayan mutum ya iso, daga can saman.

Talata, da safe

Sannu-Sannu ya ba ni labarin samfurin, shi kaɗai ne labarin da ya yarda ya ba ni. Ya ce da zazzaɓin Malam ya sauka sai ya aike shi kwari. "In hau, in kankaro da makullin mota, in kawo, ya duba ya ce ba shi ba ne. In koma. Dakta, na ce masa duk toka-toka ne, ya ce ni ma ai baƙi ne amma ba kowane baƙi ne ni ba." Ya yi murmushi. Makullin na rataye a wuyansa har yanzu.

Na ce, a hanyar fa, me ya faru? Ya kalli injin yanka katako. Ya ce, "Mun bar motar." Na ce ƙafar fa? Ya ce, "Malam ne zai gaya miki." Da na tambayi Malam ya ce, "Sannu-Sannu ya fi ni gani." Maman 'yan biyu ta ce mijinta ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, kuma in aka tayar da injin sai ya fita daga ɗaki.

Na daina tambaya. Na riƙe hannunsa na ce masa na gode, ya janye da sauri ya ce, "Haba Dakta, ai ba nauyi gare shi ba."

Laraba, da rana

Ban san yadda zan gaya wa Inna ba. Sai mun kai mararraba za a samu waya. Ina ta juya maganar, duk ta inda na ɗauko ta da kaifi.

Yau Malam ya sa na juya shi ya fuskanci taga. Daga nan ana ganin bakin kwarin in hazo ya ɗaga. Na ce masa ɗalibai za su hau, shi ya zauna a ƙasa yana cewa ba shi ba ne. Bai yi dariya ba. Bai kamata in faɗa yau ba.

Alhamis, da hantsi

Likita ya ce motar itace ta jibi za ta iya ɗaukarmu in an shimfiɗa katifa a baya. Na fito da wandon da Inna ta sa na ɗauko. Maman 'yan biyu ta karɓa ta shimfiɗa a kan benci a baranda, ta zaro almakashi da allura daga jakarta. Ta rage murya ta ce, "Yaya, ƙafar hagun, in naɗe ta in kama da zare, ko in yanke?"

Na ce ta naɗe. Ban san me nake jira ya dawo ba, amma na ce ta naɗe.

Ashe tagar a buɗe take. Muryarsa ta fito daga ciki, a dishe amma tasa ce.

"Yanke, Maman 'yan biyu. Ragowar ki yi min 'yar jaka da ita, mai igiya a baki. Takardun samfur kullum zubewa suke yi."

Ta kalle ni. Na gyaɗa mata kai, na sauko daga barandar na zo nan bakin famfo na zauna. Daga nan ina jin almakashin.